Daga Minjibir Zuwa Ibadan da Ƙasa a Cikin Kula

Ɗiyar yayata tana karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar ƙasar noma, kuma bincikenta a kan ƙananan halittun da ke zaune a cikin ƙasar gonakin wake ne. Da aikin ya kai inda sai an je Ibadan, gida ya zauna ya yanke cewa ni zan raka ta. Na karɓa hannu bibbiyu, domin na daɗe ina son in ga yadda ake ƙirga abin da ido ba ya gani.

Tafiyar ta faro ne daga gona, a wani ƙauye da ke yankin Minjibir, arewa maso gabas da Kano. Watan Agusta ne, gero ya yi tsawo, wake ya fara yaɗo a tsakanin kunyoyi. Mai gonar, wani dattijo da ya haura saba'in, ya tsaya yana kallon kayan da muka zo da su: ƙarfen haƙa mai murɗa, bokiti, ledoji masu zif, kwalbar sifirit, safar hannu, da kula cike da ƙanƙara. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba, ina ne ya fi ba ka wake a gonar nan?" Bai yi wata-wata ba ya nuna gindin wani gawo da ya zubar da ganyensa kamar yadda gawo ke yi da damina. Ya ce, "Can ne, 'yata. Wancan gefen kuwa ƙasar ta gaji, ko ka zuba takin zamani sai a hankali." Da wannan maganar ta raba gonar kashi-kashi: gindin gawo, jigawar da ta gaji, inda ake zuba takin gida, da kuma bakin fadama.

A nan na fara ganin cewa rabin binciken a gona ake gama shi. Ba a ɗiban ƙasa daga wuri guda a ce ita ce gonar, saboda halittun da ke jikin saiwa daban suke da waɗanda ke taku ɗaya daga gare ta. Sai ta riƙa tafiya a karkace, tana murɗa ƙarfen zuwa zurfin santimita 20, tana zuba abin da ya fito a bokiti, har sai ta tara daga wurare da dama, ta gauraya, ta ɗebi kaɗan ta ƙulle. Kafin ta koma wani kashi sai ta wanke ƙarfen, ta goge shi da sifirit, ta sake safar hannu. Ɗan burbushin ƙasar gindin gawo da ya maƙale a ƙarfe ya isa ya sa a rubuta cewa jigawa na da halittun da ba nata ba. Ta kuma tuge wasu waken da saiwarsu, ta fasa 'yan ƙululun da ke jiki da farce ta nuna wa dattijon. Cikin wasu ja-ja ne, wasu fari. Ta ce masa jan shi ne mai aiki, a nan ne bakteriya ke kama sinadarin naitirojin daga iska suna ba shuka. Ya ce ya san ƙululun tun yana yaro, kuma ya san gero na yin kyau a inda aka yi wake bara, amma bai taɓa fasa su ya duba ba.

Daga nan hankalinmu ya koma kan kula. Ƙasa abu ce mai rai, kuma da zarar an raba ta da mazauninta, mazaunanta sukan fara canzawa. Idan ta ɗumama a cikin leda, masu saurin hayayyafa sai su ninka su danne sauran, a isa ɗakin gwaji da wata al'umma dabam da wadda aka baro a gona. Saboda haka aka raba kowane samfuri biyu: wanda za a shuka a faranti yana son sanyin firiji kawai, wanda za a ciri DNA daga cikinsa kuwa sai an daskarar da shi da wuri. Tsakaninmu da Ibadan akwai kimanin kilomita 1,000, kuma duk inda mota ta tsaya, kafin mu nemi abinci sai mun nemi mai sayar da ƙanƙara.

Mun bi ta Zariya. Ba mu shiga Samaru ba, amma ba a wuce nan da ƙasa a hannu a ƙi tuna cibiyar binciken aikin gona da aka kafa a 1922, wadda daga baya ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A can ne masu bincike suka ware wani nau'in funfuna na dangin Fusarium da ke kama wuta-wuta, wannan ciyawa mai jan fure da ke tsotse dawa da masara tun daga saiwa. Muka kwana Abuja, muka sake ƙanƙara, da asuba muka kama hanyar Lokoja.

Wanda ya ɗauko ƙasa a mota yakan koma kallon ƙasa. Farin rairayin Kano ya riƙa ja tun daga Kaduna, marmara na leƙowa a inda aka yanka tudu don titi. Bayan mun haye kogin Neja kusa da Lokoja, muka hau duwatsun Okene, muka gangara Owo da Akure, sai daji ya rufe hanya, kwakwar manja da koko da ayaba, ƙasa ja jawur a gefen kwalta. Duk wanda ya ga wannan yalwa zai zaci ƙasar nan ta ninka ta Minjibir yawan ire-iren bakteriya. Ɗiyar tawa ta ce, "Kawu, ba lallai ba ne." A 2006 wasu masana biyu, Noah Fierer da Robert Jackson, sun gwada samfuri 98 daga Amurka ta Arewa da ta Kudu, suka tarar abin da ya fi tasiri a kan yawan ire-iren bakteriya shi ne tsamin ƙasa, fiye da zafi, fiye da yawan itatuwan da ke sama. Ƙasar dajin Amazon ta Peru, mai tsami sosai, ta zo a baya, ƙasar wuraren da ba su da ruwan sama sosai ta zo a gaba. Wannan ya sa na ƙara kallon kular da ke tsakanin ƙafafuna da daraja.

Mun shiga Ibadan da almuru, muka sauka a Sabo wajen 'yan'uwa. Washegari muka kama titin Oyo zuwa Cibiyar Binciken Noman Ƙasashe Masu Zafi ta Duniya, wadda aka fi sani da IITA. An kafa ta a 1967 da tallafin gidauniyoyin Ford da Rockefeller, a kan fili mai kimanin hekta 1,000, da tafki da sauran tsohon daji da aka bari ba a sare ba. Wata ma'aikaciya da ta daɗe a ɗakin gwaji ce ta karɓe mu, ta ba ni farar riga, ta nuna mini inda zan tsaya ba tare da na taɓa komai ba.

Hanyar da aka fara da ita ita ce mafi tsufa. Aka tankaɗe ƙasar da rariya mai ramin milimita 2, aka auna giram ɗaya aka zuba a mililita 9 na ruwan da aka riga aka kashe duk wani mai rai a cikinsa, aka girgiza. Daga nan aka ɗebi mililita ɗaya zuwa kwalba ta biyu, daga ta biyu zuwa ta uku, ana ta sirkawa har ƙasar ta ragu sau miliyan. Dole ne a yi haka, domin giram ɗaya na ƙasa mai lafiya kan ɗauki bakteriya da yawansu ya kai ɗaruruwan miliyoyi, wani lokaci ya haura biliyan. Sai a shafa ɗigon ruwan a kan abinci mai daskarewa a cikin ɗan faranti mai murfi, a ajiye a ɗumin digiri 28, a jira. Kowace ƙwaya da ta ga abincin ya yi mata sai ta hayayyafa har ta zama ɗigo da ido ke gani. Ana ƙirga farantin da ke da ɗigo tsakanin 30 da 300, a ninka da yawan sirkin da aka yi. Wannan dabara daga ɗakin gwajin Robert Koch ta fito a Jamus. Farantin na ɗauke da sunan mataimakinsa Julius Petri, wanda ya bayyana shi a 1887, abin daskarewar kuwa, aga, shawarar wata mata ce, Fanny Hesse, da ta san shi daga girki.

Da yake namu ba su isa gani ba tukuna, ma'aikaciyar ta fiddo mana faranti na wasu samfurori da suka kwana biyu. Wasu ɗigon farare masu santsi, wasu ruwan ɗorawa, wasu masu gashi-gashi, wasu busassu kamar an barbaɗa alli. Ta ɗan ɗaga murfin ɗaya daga cikin busassun, sai ga ƙamshin nan na ƙasa bayan ruwan fari ya bugi hancina, a tsakiyar ɗaki mai sanyin na'ura. Dangin Streptomyces ne, su ke fitar da sinadarin da ke ba ƙasa wannan ƙamshi. Daga wannan dangi aka samo sitireftomaisin a 1943 a ɗakin gwajin Selman Waksman a Amurka, maganin farko da ya ci ƙarfin tarin fuka. Daga cikinsu kuma Satoshi Omura na Japan ya ware wanda ya haifar da aibamektin, wato Mectizan da ake rabawa a ƙauyukanmu na bakin kogi don maganin makantar da ƙudan rafi ke jawowa. A wani farantin ta nuna mini wani fili fes da ya kewaye ɗigo guda, inda maƙwabta suka kasa matsowa. Wannan da'irar ita masu neman sabon magani ke farauta.

Amma faranti na da babban gibi. Idan aka ƙirga ƙwayoyin giram ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sannan aka ƙirga waɗanda suka tsiro a faranti, sau da yawa na farantin ba sa kai ɗaya cikin ɗari. Masana biyu, Staley da Konopka, sun ja hankali a kan wannan tazara a 1985. Dalilan suna da yawa. Wasu halittun sun saba da yunwar ƙasa, abinci mai maiƙo yana kashe su. Wasu sai sun yi watanni kafin su rabu biyu. Wasu kuma ba sa rayuwa sai da abin da maƙwabcinsu ke fitarwa, kuma sirki ya raba su da shi. Don haka aka ƙirƙiro hanyoyin da ke auna taron gaba ɗaya ba tare da an raba shi ba. Akwai auna iskar da ƙasa ke fitarwa a cikin rufaffiyar kwalba, wato numfashinta. Akwai turara ta da kulorofom a kashe mazaunanta sannan a auna abin da gawarwakinsu suka saki, dabarar da Jenkinson da Powlson suka fito da ita a 1976 a Rothamsted ta Ingila. Waɗannan suna faɗin yawa da kuzari, amma ba sa faɗin suna.

Wadda ta fi burge ni a cikin tsoffin hanyoyin ita ce wadda ake sa shuka ta yi zaɓe da kanta. A ɗakin rainon shuka na ga jerin tukwane cike da yashin da aka turara, an shuka wake, an zuba wa kowanne ruwan ƙasa mai sirki daban-daban. Waken da ya yi ƙululu ya nuna akwai bakteriyar da ke masa aiki a ƙasar, kuma daga sirkin da ƙululu suka daina fitowa ake lissafa yawansu. Daga nan a wanke ƙululun, a murƙushe, a shafa a faranti, a sami nau'in shi kaɗai tsantsa. Na wake da waken suya, dangin Bradyrhizobium, masu nawa ne, sukan kai mako kafin su fito. Tun 1888 Martinus Beijerinck ya fara ware irin waɗannan halittu a ƙasar Holan, kuma har gobe hanyar na aiki.

Sai ranar DNA. Daga ƙasar da muka sha wahalar ɗaukowa, rubu'in giram kawai aka ɗiba daga kowane samfuri. Aka zuba a 'yar kwalba mai ƙananan duwatsu, na'ura ta girgiza ta da ƙarfi har ƙwayoyin suka farfashe, aka bi matakan wanki da tacewa don raba DNA da baƙin sinadarin ruɓaɓɓen ganye, wanda ke hana mataki na gaba tafiya. Abin da ya rage ɗigo ne mai kama da ruwa, amma yana ɗauke da gadon duk wanda ke cikin ƙasar, mai tsira a faranti da wanda ba ya tsira.

Ba a karanta shi duka. Akwai wani yanki na gado da kowace bakteriya ke da shi, ana ce masa 16S, wani sashensa iri ɗaya ne a wajen kowa, wani sashen kuma ya bambanta daga dangi zuwa dangi. Kamar tsagar fuska ce a zamanin kakanninmu: kowa na da fuska, amma da ganin zanen ka san wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare. Carl Woese ne ya nuna amfanin wannan yanki, kuma da shi ya gano a 1977 cewa akwai wani babban reshe na halittu, arkiya, da aka daɗe ana ɗauka bakteriya ne. Na funfuna kuma wani yankin ake dubawa mai suna ITS. Na'urar PCR ke kwafe yankin sau miliyoyi ta hanyar ɗumamawa da sanyayawa, sannan na'urar karanta gado ta fitar da dubban jeri daga samfuri guda, kwamfuta ta tara masu kama da juna ta nemo sunayensu a rumbun bayanai. Tun kafin waɗannan na'urori, a 1990, Vigdis Torsvik da abokan aikinta a Norway sun yi amfani da DNA sun ƙiyasta cewa ɗan samfurin ƙasar daji na ɗauke da ire-iren bakteriya kimanin 4,000. Yau wasu ma sun wuce yanki guda, suna karanta dukkan gadon da ke cikin ƙasar don su ga abin da halittun za su iya yi, hanyar da Jo Handelsman ta raɗa wa suna metajenomiks a 1998.

Na ga yadda wannan hanya ke ɗaukar hankalin ɗalibai, kuma ta cancanta. Sai dai ma'aikaciyar ta ja kunnen ɗiyar tawa a gabana. DNA ba ya bambanta rayayye da matacce. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna kimanin kashi 40 cikin ɗari na DNA ɗin da ke ƙasa, a matsakaici, na waɗanda suka riga suka mutu ne. Yadda aka farfasa ƙwayoyin na iya fifita masu laushin jiki a kan masu tauri. Kuma jeri da yawa kan dawo ba suna, musamman daga ƙasar da ba a taɓa bincika ba. Ga kuɗi: kayan cirar DNA da kuɗin karantawa duk da dala ake biya, kuma samfurorinmu, kamar na ɗalibai da yawa, sai an aika su wani kamfani a ƙetare kamar yadda malaminta ya tsara.

Batun jerin da ba su da suna ya tsaya mini a rai. Babban aikin tattara halittun duniya da aka buga sakamakonsa a 2017 ya haɗa samfuri 27,751, amma Turai da Amurka sun fi kowa kaso a irin waɗannan rumbuna. A 2022 aka buga wani bincike na musamman a kan Afirka kudu da Sahara, ƙarƙashin jagorancin Don Cowan na Jami'ar Pretoria, daga wurare 810 a ƙasashe tara. Benin da Kodibuwa na ciki. Nijeriya da Nijar ba sa ciki. Alhali ƙasar Sahel, mai wata bakwai ko takwas ba ruwa, mai zafin da ke ƙona tafin ƙafa, dole ta tara halittun da suka iya jure abin da na wasu wurare ba za su iya ba. A Senegal an taɓa samun bakteriyar gawo a zurfin da ya haura mita 30, kusa da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Gawon dattijon Minjibir ɗan'uwan wancan ne.

A rana ta ƙarshe aka zagaya da mu inda bincike ke zama kayan hannun manomi. Na ga Aflasafe, ƙwayar dawa da aka kashe tsironta aka rina shuɗi, aka lulluɓe da funfuna. Labarinsa shi ne, funfunar Aspergillus flavus da ke zaune a ƙasa ita ke sa gubar aflatoksin a masara da gyaɗa, gubar da ke lalata hanta, ta tsumburar da yara, ta sa a dawo mana da amfanin gona daga kasuwannin waje. Amma ba dukkan 'yan wannan dangi ne ke da guba ba. Masu bincike sun tattara dubbansu daga gonakin Nijeriya, sun raina su ɗaya bayan ɗaya a faranti, sun yi amfani da DNA sun tabbatar waɗanne ne ba su da gadon yin gubar, har suka tsaya a kan huɗu. Manomi na watsa kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, marasa gubar su mamaye gonar su hana masu gubar wuri, gubar ta ragu da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Na kuma ga NoduMax, baƙin garin da ake shafa wa irin waken suya kafin shuka. Bakteriyar da ke ciki, USDA 110, daga Florida ta Amurka aka fara ware ta a 1957. Tana aiki, amma baƙuwa ce.

A nan ra'ayina ya tsaya. Na'urar karanta gado za ta ba ka jerin sunaye mai tsawo, amma jerin sunaye ba ya shiga buhu a kai wa manomi. Abin da ke shiga buhu sai rayayyar halitta da wani ya zauna ya ware, ya raina, ya gwada a tukunya, ya gwada a gona, ya adana a firiza. Ɗalibin da ya yi watsi da faranti don ya tsufa ya yi asara, haka ma wanda ya tsaya a faranti kaɗai bai leƙa sauran kashi 99 ba. DNA ke nuna inda ya kamata a haƙa, faranti da tukunya ke fiddo abin. Masana a Amurka ma sun koma ga rainon: sun ƙera wani ɗan allo mai ramuka da ake sa ƙwayoyi a ciki a mayar da shi cikin ƙasarsu ta asali su girma a can, kuma ta haka aka samo sabon maganin teksobaktin da aka bayyana a 2015.

Mun dawo Kano da kula wayam, ɗiyar tawa kuma da 'yan kwalabe na bakteriyar da aka fara warewa daga ƙululun waken Minjibir, waɗanda za ta gwada a tukunya kafin damina mai zuwa. Tambayar da ta yi ta maimaitawa a hanya ita ce inda za ta ajiye su bayan ta gama karatu, domin irin waɗannan kwalabe sukan lalace a daren da wuta ta ɗauke, aikin shekara biyu ya tafi.

Kirana ga gwamnatocin jihohin Arewa, da jami'o'inmu, da attajiran da ke gina ɗakunan taro da sunansu: kafin a yi maganar sayen na'urar karanta gado, a samar da ma'ajiya ko da guda ɗaya ce a yankin nan, mai firizar da ke kai digiri 80 ƙasa da sifili, mai wutar sola da ba ta yankewa, da ma'aikaci na dindindin da zai riƙa karɓar halittun da ɗalibai suka ware daga jigawa da fadama da gindin gawo, yana rubuta inda aka samo kowacce da abin da take yi.